Rasuwar Na-Hagu, Kulocin Babur Ɗina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu ya ƙi kwanciya, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan zaman gareji, da duk wanda ya saba jin ƙararmu muna wucewa da safe, rasuwar kulocin babur ɗina, wanda a gida aka fi sani da Na-Hagu. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar hawan dutsen da ke kai mutum gonata, bayan gajeriyar rashin lafiya da aka ɗora masa da hannu. Na ce da hannu, kuma ba zan janye ba. Masu cewa kwana ne ya ƙare su daure su karanta har ƙarshe.

Saboda waɗanda ba su san marigayin ba, bari in gabatar da shi. Ba irin kulocin da kuka saba gani ba ne, wanda sai mutum ya matse liba da hannun hagu kafin ya sa giya. Shi mai kama kansa ne. Ka murɗa totur, inji ya ɗaga murya, sai ya kama. Ka sassauta, sai ya saki. Bai taɓa jiran yatsun kowa ba, kuma ni abin da nake nema ke nan, domin yatsun da zan ba shi babu su. Shekarun baya hawan jini ya kwantar da ni. Da na tashi, ya bar mini ƙafafuna, ya bar mini bakina (matata ta ce da ma shi ya ɗauka), amma ya tafi da damƙar hannuna na hagu. Hannun yana nan, ana wanke shi, ana sa masa riga, sai dai ko cokali ba ya riƙewa.

Gonata tana can saman dutse. Lemo ne da goba da 'yan mangwaro da na yi wa aure da kaina tun ina da hannu biyu. Mota ba ta hawa wurin, ƙafar tsoho ma ba ta hawa. Abin da ke hawa shi ne babur ɗina na daji, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora. Bayan ciwon, babur ɗin ya koma ƙarƙashin tampol a bayan ɗaki, har kaza ta mai da siddinsa wurin saka ƙwai. Ni kuma aka kafa mini kujera a ƙofar gida ina gaisa da masu wucewa, ina jin labarin itatuwana a bakin wasu.

Wani abokina direban babbar mota, Allah ya jiƙansa, shi ya zo mini da marigayin daga wata doguwar tafiya, a cikin kwali, naɗe da tsohon tawul. Ya ce, “Ga hannu na kawo maka. Ka daina zaman nan kamar mai gadin ƙofa.”

'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun ranar ba ta yi maraba da baƙon ba. Ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu ta ce, “Baba, ni na yi jinyarka, na san abin da na gani. Na yarda ka hau. Amma ranar da abin nan ya kayar da kai a hanyar dutse, ka gama hawa ke nan, gonar kuma ta koma hannun mijina ya riƙa kula da ita. Ka yarda?” Na ce na yarda, a gaban uwarta na faɗa. Ban ji ko ɗar ba, domin na riga na ji daga bakin abokina yadda marigayin ke kamawa, na san ba irin mai kayar da mutum ba ne.

Kuma bai kayar ba. Ina shaida a gaban kowa cewa tsawon zamanmu bai taɓa barin inji ya mutu mini a kan tudu ba. A cikin yashi ya ja ni, a cikin taɓo ya ja ni, a kan duwatsun nan masu gangarowa ƙarƙashin taya ya lallaɓa da ni kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. In mun tsaya, sai ya yi shiru yana ɗan ƙus-ƙus, kir-kir-kir, kamar mai magana da kansa. In na taɓa totur, sai in ji “caf”, a hankali, ba fizga ba gardama, mu tafi. Ba shi da girman kai. Yana can cikin inji, a cikin zafi da baƙin mai, jama'a suna yaba babur suna yaba tsoho mai ƙarfin hali, shi ko sunansa ba a ambata.

Abu ɗaya kawai ya nema a wurina, wato saiti, kuma a nan nake so masu ta'aziyya su buɗe kunne. A cikinsa akwai 'yar tazara tsakanin farantansa, wadda in ta yi kaɗan, babur ya riƙa jan jiki yana neman tafiya tun ba a ce ya tafi ba. In ta yi yawa, farantan su riƙa zamewa suna gugar juna har su ƙone. Ido ba ya ganin tazarar nan daga waje. Hanyar da ake tambayarsa lafiya ita ce a bar inji ya yi ɗumi, a sa giya a furi, a ɗauko 'yar roba irin ta ɗaure takarda a maƙala ta daga kan hannun babur zuwa liba, wadda tana nan ko da ba a matsa ta wajen tuƙi, robar ta ɗan ja ta kaɗan. Sai a murɗa totur sau ɗaya. In yana lafiya, libar za ta ɗan sunkuyo ciki, kaurin tsinken ashana, ta koma. Ni gaisuwa nake kiran wannan. Na gaishe shi, ya amsa. In ya sunkuya da yawa, ko ya ƙi sunkuyawa sam, sai in ɗauko ɗan makulli in juya notin saiti kaɗan-kaɗan, yadda ake laluben tasha a tsohuwar rediyo, har amsar ta dawo daidai.

Kafin in kai ga wannan daidai ɗin, damina guda na ci ina kwancewa ina ɗaurawa da hannu ɗaya da gwiwa. Ya zo da sifirin, 'yan wayoyin ƙarfen nan masu murɗe, iri biyu, masu taushi da masu tauri. Na sa masu taushi, ya riƙa kamawa da wuri kamar mai zumuɗi. Na sa masu tauri, sai inji ya yi ta kuka kafin ya kula ni. A ƙarshe na gauraya su, sannan muka fahimci juna. Tun daga nan robar ba ta bar hannun babur ɗin ba. Ta koɗe, ta yi baƙi, ban musa ba. Amma ba don talauci take wurin ba, kuma ba don ƙazanta ba.

Yanzu sai mu zo kan ciwon ajali.

Mijin 'yata, wanda unguwa ke kira Tsaf-tsaf, yana da wurin wankin mota da juyen mai a bakin titi. Ya yi shekaru yana tuƙa babur kafin ya buɗe wurin, kuma kulocin kasuwa ko ido rufe zai gyara maka shi. Mutumin kirki ne. Na rubuta wannan da kaina, ba wanda ya sa ni, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, domin da mugu ne da na san inda zan kai fushina. Aibinsa ɗaya: ba ya iya ganin abu da datti ya wuce. Ko gaishe ni ya zo, yana durƙushe yana tsince zare a bakin tabarma.

Makon jiya 'yata ta kai ni asibitinsu a duba jinina, aka riƙe ni 'yan kwanaki ana gwaje-gwaje. Ashe ina can ana ɗaura mini abin awo a dantse, shi kuma ya tura babur ɗina zuwa wurin aikinsa don ya yi mini gwaninta. Ya wanke shi har cikin haƙoran taya. Ya juye baƙin man da ke ciki, ya zuba masa na mota, mafi kyau a shagonsa, irin mai santsin da ke sa farantan kulocin babur su riƙa sulɓewa. Ya ga robata, ya cire ta ya jefa a kwandon shara. Sannan ya tayar da inji, ya ɗora yatsunsa a kan liba, ya murɗa totur, ya ji ta sunkuya. A iliminsa, liba mai motsi da kanta liba ce mai ciwo. Sai bawan Allah ya zauna ya yi ta juya notin saiti har ta tsaya ƙiƙam kamar soja. Marigayin yana gaishe shi, shi kuma ya toshe masa baki.

Ranar Asabar da safe na fito zan tafi gona, domin kwanakin da na yi a asibiti ba wanda ya buɗe wa ƙananan itatuwa ruwa. Sai ga babur a tsakar gida yana ƙyalli kamar na cikin shago, ga Tsaf-tsaf a gefensa bakinsa har kunne, ga 'yata da uwarta a bakin ƙofa suna kallon fuskata.

Ya durƙusa ya ce, “Baba, na ɗan share masa ƙura ne. Libar ma tana rawa, na ɗaure ta. Yanzu ko sabo bai fi shi ba.”

Na dubi inda robata take, wayam. Amma ku gaya mini, ku da kuke da surukai: mutum ya yi maka hidima, matarsa tana tsaye tana alfahari da shi, ka ce a kawo roba za ka binciki aikinsa a gabansa? Na haɗiye maganar. Na ce, “Madalla. Allah ya yi albarka.” Shi da kansa ya riƙe mini babur na hau, ya raka ni har bakin titi yana ɗaga mini hannu. Don haka kada wanda ya zo mini da zancen ai da ka duba. Ladabin da kuka koya mana ne ya hana ni dubawa.

Na yi niyyar in na sha kwana in tsaya in gyara a ɓoye. Na tsaya, na ɗaga siddi zan ɗauko tsumman da nake naɗe makullaina. Babu shi. Daga baya na ji ashe an wanke tsumman an shanya, makullan kuma an jera su a cikin akwati a shago, daga babba zuwa ƙarami. Na tsaya ina shawara da kaina, in koma gida in tona, ko in wuce. Na tuna ƙananan lemon nan da ganyensu ya riga ya fara naɗewa. Na wuce.

A miƙaƙƙiyar hanya marigayin bai nuna komai ba, ya daure kamar yadda ya saba. Sai da muka fara hawa na ji babu “caf”. Na murɗa totur, inji ya yi ihu, tafiyar kuwa ba ta kai ihun ba. Wani wari ya taso tsakanin gwiwoyina, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Wurin ba a juyawa, hanya ce siririya, dutse a dama, gangare a hagu. Na yi ta lallashinsa, na kira shi da sunansa na gida. Ya ja ni, ya ƙara ja, ya tsallakar da ni wurin da gangaren ya fi zurfi, sannan ya yi wata ƙara siririya, wiiii, wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Masu irin wannan kuloci sun sani, in ya saki, giya ba ta riƙe babur a kan tudu. Muka fara komawa da baya. Na damƙe birkin gaba, tayar ta ja a kan tsakuwa, muka kwanta gaba ɗaya, ni a ƙasa, babur a kan ƙafata. Mai hannu biyu zai ture shi ya tashi. Ni na kwanta ina kallon sama, ga babur a kaina yana sheƙi, ƙamshin sabulun wankin mota yana shiga mini hanci. Tunda nake ban taɓa tsanar ƙamshi kamar wannan ba.

Wata tsohuwa mai itace ce ta tarar da ni. Ta sauke kayanta, ta zaro itace mai kauri ta cusa ƙarƙashin babur ta ɗaga, na ja ƙafata. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin ta ce, “Sannu, bawan Allah. Sabo ne, ba ka iya shi ba tukuna?” Na karkaɗe rigata. Allah ya saka mata da alheri, ya kuma kiyaye ta da yi wa na ƙasa tambaya.

An buɗe gawar a gareji washegari, a gabana. Farantan sun yi baƙi, sun lanƙwashe, wasu sun manne da juna. Bakanike ya shinshina man ya ce, “Kai! Wa ya taɓa wannan?” Na kau da kai, don har a lokacin ina rufa asiri. Sai na ji murya a bayana: “Ni ne.” Tsaf-tsaf ne, ya biyo mu ban sani ba, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Baba, wallahi na ɗauka gyara nake yi.” Na ce, “Na sani.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Sauran yana cikin wannan sanarwa.

Ina kuma jan kunnen masu zuwa dubiya. Na gaji da jin “ai ƙarfe ne”. Na gaji da jin “gara shi da kai”. Wanda ya ce ƙarfe ne, ya ɗaure hannunsa na hagu a aljihu yini ɗaya, sannan ya dawo mu yi magana. Wani maƙwabci har cewa ya yi wai babur ɗin bai taɓa kyau irin na yanzu ba. Ya ci darajar gurɗewar ƙafata, da na raka shi waje.

Marigayin ya rasu ya bar babur guda, wanda tun gawar ba ta huce ba aka haɗa shi da wani kulocin kasuwa mai neman yatsu, kuma ga alama bai damu ba. Ya bar totur, abokin hirarsa, da libar da yanzu ba ta gaishe da kowa. Ya bar sauran sifirin masu tauri a cikin gwangwani, waɗanda sau ɗaya kawai suka taɓa aiki, ga shi sun riga sun zama marayu. Ya bar itatuwan da ya yi ta kai ni ina shayarwa, wasunsu bana za su fara 'ya'ya. Ya bar tsoho ɗaya da kujerarsa a ƙofar gida, wadda na lura an riga an goge ta an sa mata sabon matashi.

Tsaf-tsaf ya zo da magariba ya durƙusa nesa da tabarma, ko zare ɗaya bai tsinta ba. Ya ce zai nemo wani irinsa ko a ina ake sayarwa, ko zai ɗauki watanni. Zuciyata ta ɗan motsa, ba zan ɓoye ba. Sai 'yata ta ajiye bandejin da take naɗa mini ta ce, “Ko an samo goma, Baba ya gama hawa. Da tsohuwar nan ba ta biyo hanyar ba fa? Baba, ka tuna abin da ka ce a gaban Mama.” Na dubi matata ko za ta sa baki. Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Na ce ba kuloci ne ya kayar da ni ba, gyara ne. 'Yata ta ce, “Ƙasa dai ka sha, Baba,” sai hawaye. Ni kuwa da kuka da alkawari, ba wanda na iya yi wa gardama a cikinsu. Mutumin da ya kashe mini hannu shi zai gaji gonata, ba tare da ya nema ba, yana kuka matarsa tana kuka, kuma wai ni ne zan ba su haƙuri.

Kafin ya tafi ya ajiye mini wani ƙulli a gefen tabarma. Na buɗe bayan fitarsa. Fakiti ne guda na roba, sababbi fil, launi-launi.

Ga tsarin jana'iza. Za a tashi daga gidana ranar Asabar mai zuwa da safe, lokacin da muka saba fita. Za a sa marigayin a kwalin da ya zo a ciki, a naɗe da tawul ɗinsa, a ɗaure murfin da ɗaya daga cikin sababbin robobin nan, tunda ta asali ta bi motar shara. Ba za a wanke gawar ba. Duk wanda ya matso kusa da ita da soso ko tsumma, ni da shi ne. Za a binne shi a gindin lemon farko da ke bakin gonar, kuma surukina ne zai haƙa ramin, ban ce ya daidaita gefensa ba. Bayan an rufe, zan zagaya da shi in nuna masa itatuwan ɗaya bayan ɗaya, wanda ke son ruwa da wanda ruwa ke ɓatawa, in gargaɗe shi cewa busasshen ganyen da ke gindinsu ba shara ba ne, ni na tara shi. Daga nan in miƙa masa makullin ƙofar gona. Ba a buƙatar taro, hanyar ba ta ɗaukar jama'a. Masu son yin ta'aziyya za su same ni a ƙofar gida, kullum, daga yanzu.

Surukina ne zai tuƙa. Kwalin zai hau kan tanki, ni kuma za a goya ni a baya, a kan babur ɗina. Wanda ya gan mu a hanya, don Allah kada ya ɗaga mini hannu, ba zan iya amsawa ba. Na dama yana riƙe da rigar surukina, na hagu kuma yana cikin kwali.